Me Shinuwa suke nema a Agadem da babu shi a Saudiyya?

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. Ni direban tankar mai ne, a matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram nake lodi. Ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana, an buɗe ta a 2011. Bututun da CNPC, kamfanin mai na gwamnatin China, ya shimfiɗa daga rijiyoyin man Agadem zuwa Seme da ke bakin tekun Benin, kusan kilomita 2,000, ganga 90,000 a rana aka gina shi ya ɗauka. China kuwa wajen ganga miliyan 11 take shigowa da shi kullum. Namu ai ko loma ɗaya bai kai ba a akushinsu. Me ya kawo su cikin rairayin Diffa, inda zafi ke fasa taya sabuwa?

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsoron hanya ne. Tun 1993 man China ya daina isarta. Galibin jiragen da ke kawo mata daga ƙasashen Larabawa da Afirka ta mashigin Malaka suke bi, tsakanin Malesiya da Indunusiya, inda sojan ruwan Amurka ke da ƙarfi. Hu Jintao, shugaban China na lokacin, ya koka da wannan tun 2003. Shi ya sa suka koma bututu: man Kazakistan, gas ɗin Turkmenistan a Disambar 2009, na Rasha a 2019. Gas ɗin Turkmenistan ɗin nan a da Gazprom, kamfanin gas na Rasha, ke kwashewa, Turawa ma sun sa rai da shi, China ta riga su.

Hajiyar Sabon Gari:
Malam, a gafarce ni, ban gamsu ba. Man Agadem ma in zai je China, jirgi zai hau, ta Malakar zai bi. Ni a ganina mallaka ce. A Saudiyya rijiyoyin na Aramco ne, kamfanin mai na ƙasar, China mai saye ce kamar kowa. A Nijar kuwa CNPC na da hannu tun daga rijiya, kuma kashi 60 na SORAZ nasa ne. Inda wasu suka juya baya suke shiga. Kamfanonin mai na Esso da Petronas sun bincika Agadem suka tafi, CNPC ya zo a 2008. Haka suka yi a Sudan a 1996, bayan tafiyar kamfanin Chevron na Amurka.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, maganarki ta fi zauna min, Malam kar ka yi fushi. Amma mallakar ma ba ta hana su ciwon kai ba. A Mayun 2024 Benin ta hana lodi a Seme saboda iyakarmu na rufe, sai da Shinuwan suka shiga tsakani jirgin farko ya tashi. Wata ɗaya kafin nan gwamnatinmu ta karɓi dala miliyan 400 daga hannunsu, a kan za a biya da ɗanyen mai. Ke nan man bai bar bakin teku ba mun riga mun ci kuɗinsa.