Farin ƙashin da ake ba kanari, na wace dabba ne?

Mai Kanari: Jama'a, farin abin nan mara nauyi da muke rataya wa kanari a keji yana tsattsaga, ƙashin mene ne? Mai sayarwa ya ce na kifi ne.

Ɗan Tema: Ba kifi ba ne, Malam, dangin dodon koɗi ne. Masunta na kawo shi daga teku nan Tema, a Ghana. Hannaye takwas gare shi, da dogaye biyu na cafke abinci. Ka taɓa shi, baƙin ruwansa ya ɓata maka riga.

Hajiyar Sudan: Mu nan habbar muke ce masa da Larabci, wato mai tawada, saboda baƙin ruwan nan nasa. Ƙashin cike yake da ramukan iska, da shi yake nutsewa ya taso.

Mai Kanari: Ikon Allah! Ana ci?

Ɗan Tema: Sosai, da yaji. Kada dai ya daɗe a wuta, tauri yake yi.