Aladun daji sun gama min da gona a Texas, ku ba ni shawara

Sadiq: Salam 'yan uwa. Ni da abokina mun karɓi hayar ɗan fili a bayan garin Houston muna shuka masara da kuɓewa da yakuwa, wallahi dare ɗaya aladun daji suka shigo suka tone rabin gonar kamar an bi da garma, kyamarar da muka ɗaura ta ɗauko guda 14, manya uku sauran 'ya'ya. Mai filin maharbi ne, shi ma kuka yake wai suna cinye masarar da yake zuba wa barewa har barewar sun daina zuwa. Ya ce in zo ranar Asabar mu fita harbinsu da dare. Ni iyakaci na a gida bin yayana farautar zomo da kare. In je? Kuma ya abin yake a addini?

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar da alheri. Doka dai ba matsala, tun 2019 a Texas ba sai da lasisin farauta ba in dai filin mutum ne kuma ya ba ka izini. Amma fa kada ka ɗauka harbin zai raba ka da su. Mace tana fara ɗaukar ciki tun tana wata shida zuwa takwas, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, shi ya sa masana ke cewa sai an kashe wajen kashi 70 cikin 100 duk shekara kafin adadinsu ya tsaya wuri ɗaya ma kawai. Ka harbi biyu, goma sha biyun su watse su ƙara wayo su dawo maka bayan sati. Abin da ya sa kenan jihar Missouri ta hana farautarsu a filayen hukumar gandun dajinta a 2016, ta koma tarko. Ku sa mai filin ya kafa babban keji na waya mai ƙofa, ku yi ta zuba masara kwana da kwanaki ƙofar a buɗe, sai kyamara ta nuna duk garken na ciki sannan a rufe.

Malam Nura: Kashe dabba don kare amfanin gona ba laifi. Ci da sayarwa ne haramun, hadisin Jabir ya hana cinikin alade ƙarara, to ko an ce ga masu saye kada ka karɓi ko dala ɗaya. Kuma a yi harbin da zai kashe nan take, ban da azabtarwa.

Maman Hanif: Ƙanina dan Allah kada ka je da kare, akwai cutar da suke ɗauke da ita da ke kashe karnuka cikin 'yan kwanaki, ga cutar burusela da ke kama mutum ta jininsu in akwai ciwo a hannu. Ka sa safar hannu in za a ja mushen. Kuma namijin haurensa kamar wuƙa, wanda aka harba bai mutu ba shi ne abin tsoro.

Sadiq: Na gode ƙwarai. Na kira mai filin yanzu, ashe yana da kejin ma a ajiye, gobe za mu je mu duba inda suke shigowa ta bakin rafi. Alhaji, waya mai lantarki tana tare su kafin nan?

Alhaji Bala: Tana taimakawa a ƙaramin fili irin naku. Ka ja layi biyu, na ƙasan ya sauko daidai hancin 'ya'yan, kuma ka riƙa share ciyawar da ke taɓa ta.