Yaron da na koya wa aiki ya ɗauki sunan wurin wankin motata, ina mafita?

Mai wankin mota, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don abin ya tsaya mini a rai har barci ya gagara.

Tun 2019 nake da wurin wankin mota a nan Garwa. Ba watsa ruwa da goge jiki kawai muke yi ba. Muna kwance kujeru mu wanke su bushe, mu bi ramukan iskar sanyi da ƙaramin buroshi mu fitar da ƙurar hunturu, mu goge fitilun da rana ta dusashe har su dawo garau. Motar da ta sha hanyar Marwa, da jan goro a jikin ƙofa da man gyaɗa a kan kafet, mukan wuni a kanta mu uku. Lokacin gasar ƙwallon Afirka a farkon 2022, da aka buga wasanni a filin Rumde Ajiya, Allah ya buɗa mana, baƙi suka san mu, daga nan sunan ya kama bakin mutane.

Sunan kuwa laƙabin mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, na haɗa da kalmar lavage, wato wanki da Faransanci. Ita ta sayar da tumakinta biyu ta cika mini kuɗin injin feshin ruwa na farko. Ku yi haƙuri ba zan rubuta shi a nan ba.

Akwai yaron da ya yi shekara huɗu a hannuna, ya tafi bara muka rabu lafiya. Yanzu ya buɗe nasa a wata unguwa, ya sa sunan nan nawa, harafi ɗaya kawai ya canza, allonsa ma shuɗi da fari irin nawa. Makon jiya wani Alhaji da muka daɗe tare ya kira ni yana faɗa, wai direbansa ya kai mota "reshenmu", an bar kujeru da danshi, mota tana ta wari. Na ce ranka ya daɗe ba ni da reshe ko'ina. Har yau bai dawo ba.

Ina da rajistar kasuwanci da na yi tun farko, ina biyan haraji duk shekara. Wannan takardar ta isa in sa shi ya sauke allon? In ba ta isa ba, ina zan dosa?

Direban babbar mota, Gaundare:

Wa alaikumus salam. Tunda kana da rajista ai magana ta ƙare. Ɗauki takardarka ka kai wa 'yan sanda, gobe-gobe zai cire allon. Albasa ba ta yi halin ruwa ba wallahi.

Ma'aikacin ofishin lauya, Yawunde:

Yaya direba, a yi mini afuwa, a nan kam ba haka abin yake ba, kuma mutane da yawa sun yi asara saboda wannan zaton.

Ƙanena mai tambaya, takardar da ke hannunka ita ce ake kira RCCM, wadda dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, suka tanada. Aikinta ta shaida cewa kai ɗan kasuwa ne da hukuma ta sani, ka iya buɗe asusu a banki, ka nemi kwangila. Za ta yi maka amfani a matsayin hujjar tun yaushe kake aiki da sunan, amma ba ita ke ba ka ikon mallakar tambari ba.

Mallakar suna da tambari a Kamaru ba a wata ma'aikatar ƙasa take ba, tana hannun OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha da ƙasashen Afirka 17 suka haɗu a kanta, hedkwatarta kuma a nan Yawunde. Dokarta ita ce Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1999, aka sake gyarawa a Bamako a 2015. Kuma ƙofa biyu ce, kada ka haɗa su.

Ta farko sunan kasuwanci, wanda a ofis za ka ji suna cewa nom commercial. Shi ne sunan da aka san wurinka da shi. A wannan, doka ta ce na wanda ya fara amfani da shi ne ko wanda ya fara yi masa rajista. Ka ga a nan kana da ƙafar tsayawa, tunda tun 2019 kake. Sai dai ba a karɓar "kowa a unguwa ya sani". Rubutacciyar shaida ake so, wadda aka yi a lokacin: rasit mai ɗauke da sunan da kwanan wata, takardar haraji, katin talla da aka buga.

Ta biyu tambarin kasuwanci, wato marque: kalmar, da zanen, da launin idan ka so. A wannan kuwa wanda ya riga shigar da takarda shi ke da shi. Wannan ne abin da ya kamata ya hana ka barci, ba allon da ya kafa ba. Idan yaron nan, ko wani mai wayo da ke bayansa, ya riga ka kai sunan OAPI, kai ne za ka koma mai kare kai. Akwai damar ƙalubalanta, amma wata uku ne kacal daga ranar da aka buga buƙatarsa a mujallar hukumar, BOPI. Tsakani da Allah, wane mai wankin mota a Garwa ke karanta BOPI?

Ka yi daidai da ba ka rubuta sunan a nan ba. Ci gaba da riƙe bakinka har ka karɓi takardar shaidar shigarwa mai kwanan wata.

Dattijo mai gareji, Marwa:

Ɗana, ni shekarata talatin da wani abu ina gyaran mota, ban taɓa yi wa suna rajista ba, kuma ban kwana da yunwa ba. Mutane hannu suke bi. Kuɗin da za ka kai Yawunde, da ka haƙa rijiya ko ka ƙara tanki, don ka san yadda ruwa ke yi mana a watan Maris da Afrilu. Yaron nan kuma ɗanka ne, cinyarka ya taka ya tashi. Ka samu mahaifinsa ko limamin unguwarsu a zauna. Kotu ba ta haɗa zumunci.

Hajiya mai sabulun ruwa, Marwa:

Baba, maganarka ta zama da iyaye gaskiya ce, ina bayanta ɗari bisa ɗari. Amma a kan rajista ka ba ni dama in saɓa maka, da girmamawa. Kai mutane fuskarka suke nema, in an ce garejin wane, kai za a tarar a ƙarƙashin mota. Shi kuwa wannan bawan Allah, direba ake aika masa, direba kuma allo yake karantawa. Ga shi har ya rasa Alhaji guda.

Ni abin ya taɓa cin ni. Ina haɗa sabulun ruwa ina zubawa a robobi, da takarda mai sunana a jiki. Wata rana wata mata ta zo har gida ta buɗe tafin hannunta, duk ya yi ja ya sassaɓe, ta ce sabuluna ne. Na karɓi robar na duba: sunana ne, launina ne, amma lambar wayar ba tawa ba ce, ruwan ciki kuma soda ce aka zabga ba awo. Na yi kuka ranar. Ban da komai a hannu da zan nuna cewa sunan nawa ne, dole na canza shi, na faro daga tushe. Sabon kam sai da na yi masa rajista kafin na buga takarda ko ɗaya.

Abin da na koya, ƙanena: ana yin rajistar ne aji-aji. Akwai aji 45, daga 1 zuwa 34 na kaya ne, daga 35 zuwa 45 na ayyuka. Sabuluna yana aji na 3. Wankin mota da goge ta suna aji na 37. In kana da niyyar wata rana ka riƙa sayar da naka sabulun mota ko man goge taya da sunan, ka haɗa da na 3 tun yanzu, amma ka sani kowane ƙarin aji da kuɗinsa. Kada ka biye wa mai ce maka ka kama aji biyar don burga. Tambarin da aka yi shekara biyar ba a yi amfani da shi ba, ana iya zuwa kotu a soke shi.

Ma'aikacin ofishin lauya, Yawunde:

Hajiya ta faɗi daidai. Bari in ƙara abu biyu da na manta.

Kalmar lavage ba taka ba ce, ba ta kowa ba ce, don ita ce sunan aikin kansa. Ba za ka hana wani rubuta ta a allonsa ba, kamar yadda mai shayi ba zai hana wani rubuta shayi ba. Ƙarfin tambarinka yana cikin laƙabin mahaifiyarka da zanen da ka haɗa masa. Kuma canza harafi ɗaya da yaron ya yi ba zai cece shi ba, domin abin da ake dubawa shi ne ko kamar ta isa ta rikita mai saye. Kiran da Alhajin ya yi maka shaida ce babba. In ta waya ya turo saƙo, kada ka goge.

Sannan kafin ka biya kuɗin shigarwa, ka nemi a yi maka binciken ko wani ya riga ka, recherche d'antériorité suke cewa. Ƙasashe 17 ba wasa ba ne, mai yiwuwa wani a Dakar ko Abijan yana da mai kama da shi a aji na 37. Tunda a Kamaru kake zaune, doka ba ta tilasta maka ɗaukar wakili ba, kana iya shigarwa da kanka a hedkwata, ko ta hannun ma'aikatar ma'adinai da masana'antu wadda ita ce mahaɗar OAPI a ƙasar nan. In ka zaɓi wakili, ka tabbata yana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su, kuma ka riƙe rasit na kowane sisi.

Batun kuɗi, ba zan ɓoye maka ba: tambari ya kai jaka ɗaruruwa na sefa. Sunan kasuwanci kuwa kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada. Kowannensu shekara 10 yake yi, a sabunta. In aljihu bai kai ba yanzu, fara da sunan kasuwanci a wannan watan, ka tara na tambari. Amma kada tarin ya wuce watanni.

Ɗan kasuwa, Kusiri:

Tambaya a kan tambaya, Malam na Yawunde. Mu da muke tsallaka gadar Ngeli kullum, in mutum ya yi a Kamaru sai ya sake yi a Njamena? Yola fa, tunda shi mai tambaya yana kusa da iyaka?

Ma'aikacin ofishin lauya, Yawunde:

Cadi tana cikin ƙasashen 17, haka Nijar da Afirka ta Tsakiya, don haka rajista ɗaya ta wadatar. Najeriya ba ta ciki. Mai son kariya a Yola ko Mubi sai ya yi tasa daban a ofishin rajistar tambari na Najeriya da ke Abuja, kuma can shekara 7 ce ta farko, sabuntawa kuma 14.

Dattijo mai gareji, Marwa:

To, na ji, na kuma ƙaru. Hajiya, labarin matar nan mai hannu ya taɓa ni. Amma ɗana, ina nan a kan bakana ta fuska ɗaya: kada takardar lauya ta riga ƙafarka zuwa gidan su yaron. Wataƙila shi a ransa alfahari yake da inda ya koyi aiki, bai san ɓarna yake maka ba. Ka ba shi hanyar da zai sauke allon ba tare da ya ji kunya a unguwarsu ba.

Hajiya mai sabulun ruwa, Marwa:

Haka ne Baba. Sai dai ya fara shigar da takardar tukuna, sannan ya je zaman. In ya je da maganar rajista a baki alhali bai yi ba, ya koya wa wani hanya ke nan.

Mai wankin mota, Garwa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, iyayena da yayyena. Jiya da dare na zazzage akwatin takarduna. Na samu littafin rasit na 2019 da sunan a kai, duk da ruwa ya taɓa gefensa, da rasit ɗin mai fentin da ya rubuta mini allon farko, da saƙon Alhajin, ban goge ba. Na yi hoton kowanne.

Na yanke shawara zan yi duka biyun, aji na 37 kaɗai a yanzu. Injin zuƙar ƙura na biyu da na so saya bana zai jira. Ranar Lahadi in sha Allah zan hau mota zuwa Gaundare, in kama jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde.

Baba na Marwa, maganarka ta zauna mini. Yaron nan da hannuna na koya masa riƙe buroshi, ranar da ya fara goge fitila shi kaɗai har rawa ya yi. In na dawo da takardar zan je wurin mahaifinsa tare da kawuna. Na yi niyyar in ce ni zan biya mai fenti ya rubuta masa sabon allo da sunan da ya zaɓa, in kuma nuna masa yadda ake busar da kujera kafin a mayar.

Malam na Yawunde, zanen tambarin da zan kawo, a kan takarda ake so ko a waya ya isa? Kuma hoton allon nawa zai yi, ko sai an zana shi daban?

Ma'aikacin ofishin lauya, Yawunde:

Hoton allo ba zai yi ba, akwai bango da inuwa a ciki. Je wurin masu buga kati a nan Garwa su fitar maka da shi tsaf a kan farar takarda, da launin yadda kake so ya zauna, su kuma sa maka a waya. Ka taho da katin shaidarka da kwafin RCCM ɗin. In jirgi ya iso da safe, yi mini magana ta akwatin sirri, zan kwatanta maka hanyar ofishin.