Kare mai zubar jini: shawarwarin likitocin dabbobi kan tsutsar Angiostrongylus

Abin da likitocin suka fi nanatawa shi ne, a Ingila da Faransa da maƙwabtansu, duk karen da jininsa ya ƙi daskarewa a fara zargin tsutsar Angiostrongylus vasorum. Kare na ɗaukarta idan ya haɗiye katantanwa ko kwaɗo, manyan tsutsotsin kuma su zauna a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya.

Ba lallai a ji tari ba. Wani sai dai haɓo, ko jini a farin ido, ko ƙaramin rauni da ke ta tsiyaya. Idan jinin ya zuba a ƙwaƙwalwa, kare ya kama farfaɗiya.

Inda ake tafka kuskure shi ne a ɗauka gubar ɓera ce, a tsaya kan bitamin K kawai, wato maganin da ake bai wa karen da ya ci gubar ɓera. Gwajin PT da aPTT, masu auna saurin daskarewar jini, ma yakan fito lafiya lau, domin jikin yana narkar da gudan jinin da zarar ya haɗu. Shi ya sa ake ba da tranexamic acid, maganin da ke hana gudan jini narkewa, da ruwan jini na plasma, mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo, idan zubar ta tsananta.

Don gano tsutsar, gwajin jini na Angio Detect minti 15 ne. Na kashi kuwa, wato Baermann, a tara na kwana 3 a jere, don 'ya'yan tsutsar ba kullum suke fita ba.

Magani: moxidectin na ɗigawa a ƙeya, ko kuma milbemycin 0.5 mg a kilo, wanda shi ake bayarwa mako-mako har sau 4. A hana karen guje-guje, a kuma ɗage fiɗiya ko wata tiyata.