Me za mu kira EMG da Hausa?

1/ 'Yan'uwa ma'aikatan lafiya da masu fassara, ku taya ni duba wannan. Akwai gwajin da likitoci ke kira elektromayografi, a taƙaice EMG. Asalin kalmar Girkanci ne, guntaye uku aka haɗa: lantarki, tsoka, rubutu. Likita kan soka siririyar allura cikin tsoka, na'ura ta kama ɗan lantarkin da tsokar ke fitarwa, ta zana shi a allo, ta kuma fitar da ƙararsa a lasifika. Irin allurar nan tun 1929 wasu masana kimiyya biyu, Adrian da Bronk, suka fito da ita.

2/ Na ji masu cewa "hoton tsoka". A'a. Ba hoto ake ɗauka ba, kuma duk wanda aka faɗa wa hoto bai shirya wa allura ba.

3/ "Gwajin jijiya" fa? Jijiya a Hausa ta ɗauko kaya da yawa: ta jini, ta saƙon ƙwaƙwalwa, har da agara. Ga shi kuma akwai wani gwajin daban, mai auna saurin tafiyar saƙo a jijiya, wanda galibi tare ake yin su. Gara a bar masa sunan. Ni dai na tsaya kan "awon lantarkin tsoka".

4/ Inda na fi shan wuya shi ne kalmar da Turawa ke cewa rilayabiliti. Yawancinmu "inganci" muke sawa, alhali ba shi ake nufi ba. Abin da ake tambaya shi ne: in an sake awon gobe, ko wani likita ya yi, amsa ɗaya za a samu? Ma'auni na iya maimaita amsa ɗaya kullum, amsar kuma ta kasance kuskure.

A wannan awo tambayar ba ƙarama ba ce. Lantarkin tsoka bai wuce 'yan milibolt ba (milibolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt, ma'aunin ƙarfin lantarki), sau da yawa ma ƙasa da haka, shi ya sa wutar ɗakin kanta kan shiga ta dagula zanen. Allura ɗan wurin da bakinta ya taɓa kawai take ji, dole likita ya riƙa gusar da ita. In kuwa ɗan faifan da ake mannawa a fata maimakon allura aka yi amfani da shi, gumi, kaurin kitse, gocewar faifan, da lantarkin tsokar da ke maƙwabtaka duk suna sauya sakamako. Sanyin hannu ko ƙafa ma haka.

5/ To me zai hana mu ce "tsayuwar awo"? Mun saba cewa wane mai magana ɗaya ne, ba ya magana biyu. Awon da ya tsaya shi ne mai magana ɗaya. "Inganci" kuwa mu ajiye shi don wata tambayar: shin gaskiyar cutar awon ya faɗa? Misali, in jijiya ta ji rauni yau, alamun sukan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin su bayyana a tsoka. Awon da aka yi washegari zai iya tsayuwa daram, amma bai ga raunin ba.

Mai kalmar da ta fi "tsayuwa" zama a baki, bismillah.