Ƙungiyoyin Iraniyawan ƙetare: aiki suke yi ko surutu?

Malam Habu: Ni dai ban ga abin da waɗannan Iraniyawa mazauna Turai da Amurka, masu kiran a raba addini da mulki, suka tsinana ba. A Oktoban 2022, bayan rasuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sandan ɗa'a, kusan mutum 80,000 suka cika titunan Balin. Fabrairun 2023 manyansu suka hallara a jami'ar Georgetown, su Reza Pahlavi, ɗan tsohon sarkin Iran, da 'yan fafutuka Masih Alinejad da Hamed Esmaeilion, suka fitar da takardar manufofinsu ta haɗin gwiwa, yarjejeniyar Mahsa, a Maris. Afrilu bai ƙare ba Esmaeilion ya fice, tafiyar ta watse.

Hajiya Rabi: Malam, ka haɗa masu neman kujera da masu tara shaida a kwando ɗaya. Dubi ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Iran Human Rights da ke Oslo. Kisan da gwamnati ba ta sanar ba, ba ya shiga lissafinsu sai majiyoyi biyu daban sun tabbatar. Da haka suka ƙirga aƙalla mutum 834 da aka zartar wa hukuncin kisa a 2023, kuma waɗanda hukuma ta sanar ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Barista Nura: Na goyi bayan Hajiya. Hamid Nouri, tsohon jami'in gidan yari a Iran, wanda ke da hannu a kisan fursunoni na 1988, tsofaffin fursunonin ne suka shirya takardu tun kafin ya sauka a Stockholm, babban birnin Suwidin, a Nuwamban 2019. Aka damƙe shi a filin jirgi, shaidu suka zo ɗaya bayan ɗaya, kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Yulin 2022.

Malam Habu: Barista, ƙarasa mana labarin. Yunin 2024 aka yi musayarsa da 'yan Suwidin biyu, ya koma Tehran abinsa.

Barista Nura: Ya koma, amma hukuncin yana nan a rubuce, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tabbatar da shi.

Hajiya Rabi: Inda na yarda da Malam shi ne batun haɗin kai, kuma dalilin a fili yake. Masu son sarauta ta dawo ba sa ga maciji da masu son jamhuriya. Kurdawa na neman 'yancin gudanar da yankinsu, 'yan kishin ƙasa suna jin ƙamshin ɓallewa. Ƙungiyar adawa ta MEK (Mujahedin-e Khalq) kuwa, da ke zaune a Albaniya, mutane da yawa ba su yafe mata zama a gefen Saddam lokacin yaƙin Iran da Iraƙi ba.

Malam Habu: Ga kuma takunkumi. Wanda ke Los Anjeles yana kiran a ƙara matsa lamba, mai ciwon daji a Mashhad ne ke bin kantin magani. A takarda an keɓe magani daga takunkumin, amma bankuna na tsoron taɓa kuɗin.

Barista Nura: Wannan gaskiya ne, Malam, su kansu a rabe suke a kai.