Katin Museum Pass na Istanbul, yana biyan kuɗinsa kuwa?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah wanda ya taɓa sayen katin nan na shiga gidajen tarihi ya ba ni shawara. Zan je saro kaya Laleli, kwana 6 zan yi, ina so in ɗan zaga gari amma kuɗin ya tsorata ni.

'Yar kasuwa daga Kano: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ni na saya a 2024, yuro 105, kwana 5 yake aiki daga ranar da kika fara shiga da shi. Gaskiya ban mori kuɗina ba, safe zuwa yamma ina shago-shago ina ciniki ina bin masu kago, ranar da na samu sarari kuma Talata ce, na hau taram (jirgin ƙasa na cikin gari) har unguwar Sultanahmet na tarar da fadar Topkapi a rufe, ashe duk Talata ba sa buɗewa. Washegari na koma, kuma ita kaɗai na shiga da katin.

Ɗalibi a can: Hajiya ai shi sai wanda yawon ya kawo shi. Da iyayena suka zo mun shiga Topkapi, hasumiyar Galata, gidan tarihin kayan Musulunci da na kayan tarihin da aka tono, cikin kwana uku, kuma ba mu bi layin sayen tikiti ba, layin bincike dai dole. A haka ya biya. Amma a sani babu masallacin Aya Sofiya a cikin katin, babu fadar Dolmabahce.

Wani Alhaji: Ni ban saya ba sam. Abin da ya kai ni ɗakin amanoni ne na Topkapi inda aka ajiye mayafin Manzon Allah (SAW) da takubba, ana karatun Alƙur'ani a wurin, wallahi na daɗe a tsaye na kasa fita, sai da hawaye suka zubo min. Tikiti ɗaya na biya. Masallacin Sultanahmet da Sulaimaniyya da kabarin Abu Ayyubal Ansari a Eyup duk kyauta ne.

'Yar kasuwa daga Kano: Kin ji ko. Istanbulkart kawai za ki saya ki zuba masa kuɗi, taram da jirgin ruwa duk da shi ake hawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Rana ɗaya zan ware, tikitin Topkapi zan yanka, in an yi la'asar in wuce Eyup in sha Allah.